Musayar Waƙa a Kan Ma'anar Umarni

Ɗalibi daga Zariya:
Malamaina, na durƙusa gabanku ina neman bayani
a kan abin da ya raba shawara da umarni.
Liman ya ce a yi, hakimi ma ya ce a yi,
shin nauyinsu ɗaya ne idan an ɗora a mizani?

Malami daga Damagaram:
Ɗana, shawara kana iya ɗauka, kana iya bari,
amma umarni daga mai iko yake zuwa ga wanda ke ƙasa, ka sani.
Malaman usulu, masana tushen fiƙihu, sun ce idan Allah ya ce a yi,
babu dalilin sassauci a gefe, to ga wajibi yake nuni.
Abu Huraira ya ruwaito cewa abin da aka hana a bar shi duka,
abin da aka umarta a yi gwargwadon iko, domin ɗan Adam yana da rauni.
Shi ya sa majinyaci yake salla a zaune,
kuma sallarsa ta cika a addini.

Dattijo daga Wusasa:
Malam, mu ma Kirista a Littafin Fitowa sura ta 20 muna karanta Dokoki Goma,
waɗanda aka ba Musa a alluna biyu na dutse, a Sina'i, tun wancan ƙarni.
Sun ce a girmama uwa da uba,
kisa, zina, sata da shaidar zur kuwa duka suna cikin hani.

Malami daga Damagaram:
Baba, na gode, ka tuna mini da Suratul An'ami,
aya ta 151 zuwa 153, inda aka kira irin waɗannan dokoki wasiyya har sau uku a Alƙur'ani.
Batun hakimi kuwa, ɗana, biyayyarsa tana da iyaka,
don wani kwamandan sahabbai ya sa an hura wuta, ya ce su shiga, suka tsaya tunani.
Da labari ya je wa Manzo, tsira da aminci su tabbata a gare shi,
ya ce biyayya sai a abin kirki, ko da waye ya ba da umarni.

Mai awon hatsi daga Dawanau:
Malam, aya ta 152 ita ce take hana ni barci,
wadda ta ce a cika mudu da awo da adalci, ni kuwa a kan buhu nake wuni.
Na ga kwanon da aka bubbuge gindinsa don ya ci kaɗan,
mai saye tsohuwa ce, idonta ba ya gani.
Na karɓi buhunta na sake auna geron da tiyata,
sai da na ƙara mata tafi huɗu kafin ya kai ma'auni.