Muhawara: Wai ina daidaiton da ake faɗi a kasuwar albasa?

Ɗan Fadamar Wurno: Assalamu alaikum. Masu ilimin tattalin arziki na zauren nan, ku fito ku ba mu amsa. Kowace shekara abu guda ne. Daga Maris zuwa Afrilu albasa ta cika kasuwannin Wurno da Goronyo, buhu ya faɗi warwas, manomi ko kuɗin taki da man injin ban-ruwa bai mayar ba. Zuwa Nuwamba da Disamba, bayan ta bar hannunsa, sai ta yi tsada a hannun mai ajiya. Ku kuma kuna aji kuna koya wa yara wai kasuwa tana kai kanta ga daidaito. Wane daidaito? Karatun nan ba ya tsinana wa talaka komai.

Malamin Tattali: Wa alaikumus salam. Malam, ka ɗauki kalmar da ma'anar adalci ne. A wurinmu daidaito shi ne farashin da kayan da aka kawo kasuwa suka yi daidai da abin da masu saye za su ɗauka, ko ya yi wa manomi daɗi ko bai yi ba. Hawa da saukar nan ma lissafi ya san ta, ita ce saƙar gizo-gizo, sunan da masanin tattalin arziki Kaldor ya ba ta a 1934. Manomi yana auna faɗin gonar da zai dasa da farashin bara. Iri yana yin wajen mako shida a wurin reno, bayan dashe a jira wata uku zuwa huɗu, kuma duk maƙwabtansa lissafi ɗaya suka yi. Sai kaya su fito lokaci guda. In manoma sun fi saurin ƙara gona a kan yadda masu saye ke ƙara saye sa'ad da aka yi araha, tsallen farashin ƙaruwa yake yi duk shekara. In akasin haka ne, sai ya lafa a hankali.

Hajiyar Sashen Noma: Dakta, ka haɗa abu biyu. Saƙar gizo-gizo daga shekara ce zuwa shekara. Abin da Malam ya kawo a cikin shekara ɗaya yake, maganar ajiya ce. Albasar da ba a bari wuyanta ya bushe sosai ba kafin a zuba ta a rumbun kara, da zafin Afrilu da Mayu ya dake ta, damina ta biyo da laima, sai ta ruɓe ko ta tsiro, nauyinta ya ragu. Ka haɗa da kuɗin da aka ɗaure wata shida, ka ga tazarar farashin da lissafi ya yarda da ita. Abin da ya haura wannan shi ne ya kamata a bincika.

Malamin Harshe: Laifin ku ne da kuka ce daidaito. Bahaushe in ya ji daidaito, adalci yake ji. Matsaya ya kamata ku ce.

Malamin Tattali: Allah ya gafarta Malam, matsaya ai ta shawara ce, wadda ake cimma a taro. Kasuwa ba ta zaman taro.

Malamin Harshe: To ma'auni fa?

Mai Binciken Kiwo: Ko wane suna kuka sa mata, a dajinmu babu ita. An daɗe ana lissafa yawan dabbar da makiyaya za ta iya ɗauka: saniya mai kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6.25 a rana, a auna ciyawar hekta ɗaya a ƙarshen damina, a ware kason da dabba za ta samu bayan gobara da gara da tattakewa, a raba. Sai a fitar da lamba ɗaya a ce iyakar ke nan. Matsalar, ciyawar bana ba ta baɗi ba ce. Masu bincike Ellis da Swift sun nuna a Turkana ta Kenya a 1988 cewa inda ruwan sama ke yawan saɓawa, fari ne ke rage garke tun kafin garken ya cinye dajin. Daga baya masu bincike suka sa iyakar a saɓanin ruwan sama daga shekara zuwa shekara da ya haura kashi 33 cikin 100. Duk wanda ya san farin 1973 da na 1984 a ƙasar Sakkwato ya san haka.

Ɗan Fadamar Wurno: Wato shanun da ke shiga fadama suna cin shuka ba su da laifi ke nan?

Mai Binciken Kiwo: Ban ce haka ba, Malam. Amma ka tambayi inda burtali ya tafi.

Ɗan Fadamar Wurno: Dama na san ɓangaren da kake.

Mai Kula da Kamun Kifi: Yaya, kada ka yi wa daidaito kuɗin goro. A ruwa yana aiki. Lissafin masanin kifi Schaefer na 1954 ya ce kifi ya fi saurin hayayyafa in yawansa yana rabin abin da ruwan zai iya ɗauka. A ce tafki yana ɗaukar tan 1,000, saurin haihuwa 0.4 a shekara. Ka ninka su, ka raba huɗu, tan 100 ke nan za a kama duk shekara ba tare da an karya uwar ba. Hikimar hana kamun kifi a Matan Fada ta Argungu sai lokacin biki ke nan.

Mai Binciken Kiwo: Da irin wannan amincewa da lissafi kamun kifin cod na gabashin Kanada ya durƙushe har aka rufe shi a 1992. Kuma ruwan Rima yanzu sakin madatsar Goronyo yake bi. Wane adadi tsayayye za ka ba shi?

Mai Kula da Kamun Kifi: A Kanada an yi kuskuren ƙidayar kifin ne, aka kama fiye da kima. Laifin mai awo ne.

Ɗan Aliero: Ni dai a gyara, maganar albasa ba a yin ta a tsallake Aliero.

Ɗan Fadamar Wurno: Ba da Kabi muke ba, ɗan uwa.

Hajiyar Sashen Noma: Don Allah a koma kan ajiya. Har yanzu ba wanda ya taɓa tambayar da aka yi.

Malamin Tattali, mai kula da zaure: To jama'a, dare ya yi, ga abin da aka tattauna. An fahimci cewa mai tambaya ya ɗauki daidaito da ma'anar adalci, an kuma warware masa. Saƙar gizo-gizo ta bayyana halin farashin albasa, Hajiya ta ƙara ɗan bayani kan rumbu. Misalin kifi ya tabbatar da cewa lissafin yana aiki har a wajen kasuwa. Maganar kiwo ta Kenya ce, kuma shi kansa mai ita da lissafin daidaito ya fara kafin ya soke shi. Kalmar daidaito ta zauna. Zancen burtali a kai shi wani zauren.

Mai Binciken Kiwo: Dakta, ban yarda da wannan taƙaitawa ba. Na kawo 1973 da 1984, a nan ƙasar aka yi su, ka tsallake.