Saba tana katse layi amma ba ta kiran akantanmu

Ɗan Wunti:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutoci a wani kamfanin sayar da taki da siminti kusa da kasuwar Muda Lawal, nan Bauchi. Akantanmu yana zaune a Fadaman Mada, kuma duk ƙarshen wata sai ya kai goman dare a ofis. Alhaji mai kamfanin ya ce a yi yadda akanta zai riƙa duba littafin asusu daga gida. Akanta ya ce ya yarda, amma fa kuɗin waya ba daga aljihunsa ba. Da gaskiyarsa. Shi ne na ce a yi tsarin da zai buga daga kwamfutarsa, saba (wato babbar kwamfutar ofis) ta tantance shi, ta kashe, sannan ita ta kira shi, kuɗin ya hau kan ofis.

Windows Server 2003 muke da ita, na kunna RRAS (sashen da ke bari a shiga saba daga nesa), na haɗa modem (na'urar da ke haɗa kwamfuta da tarho) da layin tarho. A asusunsa na shiga saba, shafin Dial-in, na ba shi izini, na zaɓi "Always Callback to" (wato kullum ta kira lamba ɗaya da aka sa mata), na rubuta lambar gidansa. In ya buga tana karɓar suna da kalmar sirri, ta katse, daga nan shiru kake ji. Kwana uku ke nan. Jiya har Alhaji ya tambaye ni ko a ɗauko wani daga Jos. Ku rufa mini asiri.

Injiniyan Jekadafari:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya ɗaya: a ofishinku, in za ka kira waje sai ka fara danna 9? In haka ne, layin modem ta akwatin rarraba kira na ofis ya bi, kuma saba ba ta san da wannan ba, lambar da ka ba ta kawai take bugawa. Sa 9 da waƙafi a gaban lambar. Waƙafin nan yana sa modem ya dakata kamar daƙiƙa 2 har layin waje ya buɗe. Ka ƙara muryar modem ɗin, ka tsaya kusa da shi lokacin da akanta ya buga, kunnenka zai gaya maka ko yana ƙoƙarin kira. Tunda gari ɗaya kuke, kada ka sa lambar gari ta Bauchi a gaba. Ni da nake Gombe ne sai an sa mini lambar garinmu.

Wani abu tun kafin Alhaji ya ce ka cuce shi: ko an rubuta 56k a jikin kwali, modem biyu a kan layin tarho na gida ba sa wuce gudun 33.6k. Kusan kilobait 4 ke nan a daƙiƙa. Fayil mai megabait 40 zai ci wajen awa uku. Kada akanta ya jawo fayil ɗin, ya shiga ta Remote Desktop, wato ya sarrafa kwamfutar ofis daga gida, hoton allo kaɗai ke bin waya.

'Yar Yelwa:
Malam, ka duba gidan ma. Mu abin da ya wahalar da mu ke nan: saba ta kira, tarhon falo ya yi ƙara, yara su riga kwamfuta ɗauka. A cire tarhon daga bango kafin a buga.

Kuma don Allah kada gajiya ta sa ka koma "Set by Caller", wato mai bugowa ne zai faɗi lambar da za a kira shi. Duk wanda ya samu kalmar sirrin zai ba da lambar da ya ga dama, ofishinku ya kira shi, ku biya masa kuɗin shigar muku gida. Wanda ka zaɓa shi ne daidai, sai dai akanta kada ya karkatar da kiran layinsa zuwa wata lamba.

Ɗan Wunti:
Injiniya, Allah ya saka da alheri, 9 ɗin ce. Da na tsaya kusa da modem sai na ji yana buga lamba, tarhon ɗakin ajiya ya hau ƙara! Ashe kwana ukun nan mai gadi ke ɗauka yana jin ƙugi, har ya ce wa direba layin nan ba lafiya ba. Hajiya, naki ma ya faru a gwaji na biyu, autar akanta ce ta ɗauka tana sallama. Yanzu ya shiga, ya ce allon na ɗan jan ƙafa amma ana aiki. Saura batirin UPS, na'urar ajiye wuta, don saba ba ta minti 10 in an ɗauke wuta.