Zumata ba haɗi, amma na gaji da rantsuwa

Mai Zuma, Zariya:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Wata takwas ke nan ina sayar da zuma daga gida, ta WhatsApp da Facebook. Kawuna ne mai amya a ƙauyenmu, shi ke ɗebowa, ni in tace in ɗura a robobi. Duk wanda ya yi min magana, tambayarsa ta farko ita ce "ba haɗi dai ko?" In rantse, in ƙara rantsewa, ya ce zai dawo, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Da sanyin da ya wuce wata mata ta dawo min da lita guda, wai ta daskare, sukari na zuba. Na mayar mata da kuɗinta, na shiga ɗaki na sha kuka. Yaya zan yi a yarda da ni?

Dattijon Kwari, Kano:
Wa alaikumus salam, 'yata. Daina rantsuwar nan. Mai jabu ya fi ki iya ta, sana'arsa ke nan. Na haura shekara ashirin ina sayar da shadda a Kantin Kwari, ban taɓa ganin rantsuwa ta riƙe mai saye ba. Idan mutum ya ɗauki yadi yana zaton gezna ce, nakan karɓa in ce masa, Alhaji wannan 'yar Sin ce, tana da kyau daidai kuɗinta, amma sheƙinta ba zai jure wanki kamar waccan ba. Sai in shimfiɗa masa biyun ya taɓa da hannunsa. Wani ya tafi bai saya ba, amma azumi na kamawa za ki gan shi ya dawo da surukinsa. Ke kuwa da kika mayar da kuɗin nan bakinki alaikum, ai gaskata matar kika yi.

Malamar Kimiyya, Kaduna:
Baba ya yi gaskiya. 'Yar'uwa, zuma ta gaske tana daskarewa. Akwai nau'in sukari na halitta a cikinta, gulukos, wanda sanyi kan sa ya dunƙule ya zama tsaki-tsaki. A tsoma robar cikin ruwan ɗumi, za ta narke ta koma yadda take. Kada dai a ɗora ta a wuta. Da kin faɗa wa matar nan haka, kin ce ta je ta gwada, da yanzu ita ke yi miki talla.

Sauran gwaje-gwajen da ake yawo da su, na tsinken ashana da na cewa kiyashi ba ya bin zuma mai kyau, ba abin dogaro ba ne. Kiyashi dai zaƙi ya sani. Launi ma ba hujja ba ne, ya danganta da furen da ƙudan zuman ya bi, shi ya sa wata take fita baƙa-baƙa, wata ja, wata fara-fara. Wadda aka cire ba ta nuna ba kuwa, ruwan cikinta kan wuce kashi 20 cikin 100, sai ta yi kumfa ta yi tsami. Sannan ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da ta fi kowace kyau. Ki riƙa ɗaukar waɗannan ɗaya bayan ɗaya kina bayani a sitatus da muryarki. Na ƙarshen nan zai rage miki ciniki wajen masu jego, amma ki faɗa.

Ɗan Tasha:
Ni fa ban cika yarda da zancen baki ba. An taɓa nuna min bidiyon amya a kan bishiya, na tura kuɗi, aka aiko min da narkakken sukari. Hajiya, ki sami ƙananan kwalabe na ɗanɗano masu araha, ki rubuta watan da aka ɗebo da lambarki a jiki, kuma lita ta cika lita. In kina son manyan kantuna, sai da rajistar NAFDAC.

Mai Zuma, Zariya:
Na gode ƙwarai. Malama, wallahi ni kaina ban san dalilin daskarewar ba, na dai san ta kawu tana yi. Batun bidiyo kuma, ban ga abin nunawa ba. Tsoho ne kawai da amyarsa ta ciyawa da ya shafe da kashin shanu, ya rataye a kan ɗorawa. Sai dare ya yi yake hawa da hayaƙi, kuma ba ya yarda a kwashe saƙar duka, wai a bar wa masu gida abincinsu. Shekaru biyu da suka wuce ya ƙi ɗiba gaba ɗaya a bishiyu uku, ya ce ba ta nuna ba. Wa zai tsaya sauraron wannan?

Dattijon Kwari, Kano:
Ga ni na tsaya. Wanda ya damfari Ɗan Tasha ba zai san zancen barin saƙa ba, don bai taɓa tsayawa a gindin ɗorawa da dare ba. Ki nemi izinin kawun naki, ki ɗauki muryarsa yana faɗa da bakinsa, kada ki ƙara gishiri. Idan ta ƙare kuma ki ce ta ƙare sai ɗiba na gaba, kada ki saro ta kasuwa ki cike gurbi. Ki ajiye min lita biyu, daskararriyar nake so, akwai direban da ke zuwa Zariya ran Laraba.