Yaya kuke riƙe lissafin bi-da-bi idan faɗa ya kaure?

Assalamu alaikum jama'a. Ni ke jagorantar wasan nan na labari da ɗan lido, inda kowa ke taka rawar wani jarumi, wato Dungeons & Dragons, bugu na 5, a teburinmu, kuma lissafin faɗa ya kakare mini.

Jerawar farko ba wuya: kowa ya jefa ɗan lido mai fuska 20, a ƙara makin zafin namansa, mai babban adadi ya fara. Katuna nake jerawa a gabana.

Inda gizo ke saƙar shi ne abubuwa masu wa'adi. Zagaye ɗaya daƙiƙa 6 ne cikin labarin, ke nan tsafin minti 1 zagaye 10 zai ci. Wani tasirin yana ƙarewa da zarar layi ya dawo kan wanda ya yi shi, wani sai wanda aka yi wa ya gama nasa. Dodanni na yawa sai gardama ta tashi, faɗan ya huce.

Manhajar waya kuwa ɗauke hankalin mutane take yi, ba na son ta.

Don Allah, kowane ɗan wasa kuke bar wa ƙirgensa, ko mutum ɗaya ke riƙe duka?