Neman shawara: aiki na iya, amma gaban allo kaina yake ɗaurewa

Ɗan Yantala: Salamu alaikum 'yan uwa. Na gama Jami'ar Abdou Moumouni, ina rubuta manhaja da harshen kwamfuta na PHP da Laravel, kayan aikin da aka gina a kansa. Wani mai kantin magani a Wadata na yi masa manhajar lissafin kaya, har yau da ita yake aiki, tana ma gaya masa maganin da ya kusa lalacewa. Kwamfutar da nake aiki da ita kawuna ya kawo mini daga Kano, batirinta ya mutu, sai a jone. To makon jiya wani kamfani a Plateau ya kira ni ganawar ɗaukar aiki. Mutum uku zaune, aka nuna mini allo, aka ce in juya jerin lambobi ba tare da array_reverse ba, wato umarnin PHP da ke juya jeri da kansa. Wallahi hannuna rawa yake, zufa har cikin takalmi. Mi zan yi?

Babban Yaya: Ƙanena, ka yi haƙuri, wannan tambayar yara ce. Ka musanya na farko da na ƙarshe, ka matso ciki har su haɗu a tsakiya, shike nan. Ina GitHub ɗinka, shafin da ake ajiye rubutun manhaja don a gani? In babu, ba wanda zai yarda da bakinka. Kullum ka warware matsala a LeetCode, shafin atisayen irin waɗannan tambayoyi.

Ɗan Yantala: Yaya, manhajar ta mai kanti ce, farashin kayansa na ciki. Amana ce.

Babban Yaya: Ka cire bayanansa ka sa rubutun manhajar kaɗai. Ni haka na yi.

'Yar Harobanda: Kai ka ma samu an zauna da kai. Ni wani kamfani aikin gwaji suka ba ni in yi a gida, na yi kwanaki a kai, na tura, ko "mun gani" ba su ce ba. Wa ya sani ko amfani suke da shi yanzu.

Ɗan Ader: Wanga duk wahalar banza ce. In ba ka da wanda zai tsaya maka, ko Google ka rubuta ba ka shiga.

Malamar Lissafi: A'a. Ɗana, in ka tsaya gaban allo, ka riƙa faɗin abin da kake tunani da baki. Shirun ne yake kayar da mutane.

Babban Yaya: Surutu ba ya juya jeri, Malama.

Ɗan Yantala: Na gode, amma LeetCode da Turanci yake, kuma kuɗin intanet ɗin wa zai biya? Sun ce za su kira ni. In kira su ko in jira?