Shawarwari ga shugaban ƙungiya daga gonakin Maraɗi

A wata tattaunawa kan raya ƙungiya, misalin manoman Maraɗi ya fi ɗaukar hankali. Tun wajajen 1983 suka fara kula da tohon tsofaffin kututture a gonakinsu, suna rage raunana, suna barin ƙarfafa su girma. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar.

Shawarar da aka ciro daga wannan misali ita ce shugaba ya duba na gida kafin ya ɗauko ƙwararre daga waje, ya kuma datse ayyukan da suka yi wa ƙungiya yawa.

Wani ya kawo misalin gawo, mai kaɗe ganye da damina, gero ya sha rana: wai shugaba ya ja baya lokacin aiki. Nan kam an yi gardama. A ganina, jaririyar ƙungiya ba za ta jure haka ba.