Masu riƙe da saba, ku ba ni labarin yadda kuka kwashe da facin detabes

Ɗan Kurna:
Salam 'yan uwa. Nidai yau shawara nake nema amma ba ta littafi ba, wanda abin ya faru da shi nake so ya yi magana. Na gaji wata saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗaukar bayanai daga gare ta, a wajen aikinmu (kamfanin rarraba magani ne, muna da shaguna uku), manhajar detabes (ma'ajiyar bayanai) PostgreSQL 14.2 ce a kai, wato tun farkon 2022 ba wanda ya taɓa ta, wanda ya kafa ta ya bar aiki tuni. Na ce wa oga ya kamata mu sa ƙananan afdet ɗin, wato facin gyaran manhaja, da suka fito tun daga lokacin sai ya kalle ni ya ce abin da ke aiki me ya kai ka taɓa shi, in ta lalace kai za ka biya cinikin ranar? Gsky jikina ya yi sanyi. Ni ban taɓa yi a saba mai rai ba sai a laftof ɗina. To wa ya taɓa yi, me ya same shi?

Malam Na Tsohuwar Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Ɗana irin maganar ogan naka na ji ta tun kana ƙarami. Bari in ba ka nawa. A Janairun 2003 ina aiki a wani shagon intanet, wata Asabar muka wayi gari layi ya ƙi motsi kwata kwata, kwastomomi sun cika suna ta tsaki mu kuma muna ta hawa rufi muna duba dish, ashe matsalar ba tamu ba ce duniya ce baki ɗaya. Tsutsar nan Slammer ce, manhajar ɓarna mai yaɗa kanta, ta shiga ta wata ɓaraka a detabes ɗin SQL Server 2000, ƴar mitsitsiya ce bait 376 kacal, amma cikin kamar minti goma ta kama sabobi wajen 75,000, Koriya ta Kudu sai da intanet ɗinta ya durƙushe na sa'o'i. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne facin da ke toshe ɓarakar an fitar da shi tun Yulin 2002, wata shida kenan yana ajiye masu saba ba su sa ba, kowa na cewa ai tana aiki. Taya ce mai ƙaramin huji, tana tafiya kam, sai ranar da ka ɗauko kaya a hanyar daji.

Ɗan Kurna:
Allah ya ƙara girma Malam. Amma tsorona kar facin ne da kansa ya fasa tayar.

Injiniya Ba Satifiket:
Kuma tsoronka ba na banza bane, kayi hakuri Malam amma faci ma yana zuwa da nashi. Ni detabes din MySQL nake rikewa, ina daukar nauyin shafukan makarantu da kananan kungiyoyi a saba daya, kowane shafi da nashi tebura dan haka in aka hada sun haura dubu goma sha. A watan Yuli 2024 aka fitar da 8.0.38, ni dama dabi'ata bana sa sabon abu sai yayi sati biyu a waje naga me mutane ke cewa, to cikin wadannan kwanakin sai ga sanarwa cewa duk wanda teburansa suka wuce 10,000 in ya sa wannan sigar yayi ristat sabar bazata tashi ba, har da 8.4.1 da 9.0.0 duk abu daya. Wlh da na karanta sai da na ajiye wayar na sha ruwa, sbd ni aka kwatanta sak. Cikin watan suka fitar da 8.0.39 da gyaran, shi na sa lafiya lau. Dan haka ni a wajena jira ba lalaci bane.

Malam Na Tsohuwar Kasuwa:
Sati biyu daban, shekaru daban Injiniya. Wannan yaron tasa tun 2022 take zaune.

Injiniya Ba Satifiket:
Wannan kam gaskiya ne ranka ya dade, na sallama. Kuma in facin na tsaro ne kuma sabar tana fuskantar intanet kai tsaye ko ni bana kai sati biyun.

Ƴar Samaru:
Ɗan Kurna bari in fara kwantar maka da hankali kafin in tayar maka da shi. A PostgreSQL tun daga siga ta 10 lamba ta farko ita ce babbar siga, ta bayan ɗigo ƙaramin gyara ne, wato daga 14.2 zuwa na ƙarshe a layin 14 ba ka buƙatar pg_upgrade (manhajar ƙaura zuwa babbar siga) ko zubar da bayanai ka sake lodawa, tsarin fayilolin bai canza ba, tsayar da saba za ka yi ka sauya manhajar ka tayar shikenan. Suna fitar da irin wannan duk wata uku, Fabrairu Mayu Agusta Nuwamba, ranar Alhamis ta biyu a watan. Ni na yi ya fi sau goma, tsayuwar ba ta kai minti biyu ba mafi yawanci.

Yanzu ga inda zan tayar maka. 14.2 ɗinka tana cikin waɗanda abin nan ya shafa na indeks, wato jadawalin da detabes ke bi ta nemo layi a tebur da sauri. Daga 14.0 zuwa 14.3 in aka gina indeks da CREATE INDEX CONCURRENTLY ko REINDEX CONCURRENTLY (umarnin gina shi ba tare da tsayar da aiki ba) alhali ana ta rubutu a teburin, indeks ɗin na iya tsallake wasu layuka shiru ba wani kuskure da zai nuna, shi ya sa suka fitar da 14.4 a Yunin 2022 ba su jira Agusta ba. Kuma sa afdet ɗin kaɗai ba ya gyara indeks ɗin da ya riga ya lalace, yana hana sabo lalacewa ne kawai, dole bayan ka sa ka sake gina su. Wannan a takardar bayanin sigar aka rubuta shi, can sama wajen da suke faɗin abin da za a yi in za a ƙaura, kuma tunda tsallake za ka yi mai nisa sai ka karanta wannan sashen na kowace siga da ke tsakani ba ta ƙarshen kaɗai ba. Akwai gajiya amma sashen gajere ne, wasu layi biyu ne ma.

Ɗan Kurna:
Innalillahi. Anti to ta ya zan san ko wanda na gada ya yi amfani da CONCURRENTLY ɗin? Bai bar ko takarda ɗaya ba.

Ƴar Samaru:
Ba za ka sani ba, kar ma ka wahalar da kanka da neman sa a waya. Akwai pg_amcheck, ya zo tare da 14, ka gudanar da shi da zaɓin heapallindexed zai gwada tebur da indeks ya faɗa maka in akwai layin da babu. Ko kuma in detabes ɗin ba babba ba ne kawai ka yi REINDEX, wato sake gina indeks, gaba ɗaya da daddare ka huta.

Tunda labari ka nema ga nawa na kunya, kuma laifina ne ɗari bisa ɗari. Mun sayi sabuwar saba, tsohuwar tana kan babbar manhajar Ubuntu 18.04 sabuwar 20.04, sigar PostgreSQL iri ɗaya sak, sai na ce ai ba sai na yi pg_dump (fitar da bayanai a sake lodawa) ba na kwashe fayilolin ɗungurungum na zuba a sabuwar, ta tashi ba ko tari, na tafi gida ina jin kaina. Bayan kamar sati uku mai karɓar kuɗi ta kira ni wai ta nemi lambar rasit ba ta fito ba alhali ga takardar a hannunta, can kuma muka ga lamba ɗaya ta shiga sau biyu a wajen da aka hana maimaici. Kwana biyu ina zargin yaran da suka rubuta manhajar, har na yi wa ɗaya faɗa Allah ya yafe min. Ashe glibc ne, wani ɓangaren Ubuntu da detabes ke dogaro da shi wajen jera rubutu, daga siga 2.28 an canza yadda ake jera rubutu musamman mai alamomi irin su karan tsakiya, lambobin rasit ɗinmu kuma duk da karan a ciki, indeks an gina shi da tsohon jeri ana nemansa da sabo, kamar ka shirya fayil a kabad bisa wani tsari wani ya zo yana nema da nasa tsarin. Wanda ke son gani da idonsa ya jera 1-1 da 11 a tsohuwar da sabuwar zai ga sun juya. Sai da muka zauna muka tsince maimaicin da hannu ɗaya bayan ɗaya kafin REINDEX ɗin ya yarda ya wuce. Don haka kar ka haɗa afdet ɗin detabes da sauya sigar Ubuntu a dare ɗaya, ko oga ya ce a yi a gama.

Na Maraɗi:
Sallama gare ku. Mu nan tamu matsalar kullum kuran ce, wutar lantarki kenan. Na fara afdet da misalin sha ɗaya na dare, ana cikin zuba fakitin kuran ta tafi, batiran da nike taƙama da su ashe sun mutu tuni ba wanda ya gwada su, saba ta mutu tsakiyar aiki. Mai gadi ya tada injin, na kunna, detabes ta ƙi tashi, zufa ta karyo mini ga sanyin Janairu. Amma da na natsu sai na ga bayanan ba abin da ya same su, fakitin ne ya tsaya rabi da rabi, na buga dpkg --configure -a ya ƙarasa, ita kuma detabes ta bi WAL ɗinta, littafin da take rubuta kowane canji, ta maido kanta inda ta tsaya cikin daƙiƙu. Tun ranan ba ni farawa sai injin na kunne da mai cike, ko da kuran na nan.

Auta:
hhhh ni nawa yafi na kowa wauta. satina na biyu a IT (koyon aiki na dalibai) a wani asibiti naga saba tana cewa akwai afdet guda arba'in da wani abu, karfe sha biyun rana na buga apt upgrade ina ganin gwaninta ce, ban san cewa in fakitin detabes na ciki zai yi mata ristat da kansa ba tare da ya tambaye ni ba. tsayuwar ko minti daya bata kai ba amma manhajar wajen biyan kudi bata iya sake hada kanta ba sai an rufe an bude, layi ya taru har waje, wata hajiya sai zage zage take, ogana ya shigo bai ce min komai ba kallo kawai yayi min wanda har yau ina tunawa. shi ya koya min apt-mark hold mai hana fakiti shiga afdet daga baya, yace detabes ba a sa mata afdet cikin tarkace, ranarta daban

Injiniya Ba Satifiket:
Auta kowa yayi irin taka, wanda yace bai yi ba bai dade a aikin bane. Kari akan maganar jira, ku na PostgreSQL ma ai kun gani a Nuwamba 2024, an fitar da 17.1 da yan uwanta ranar 14 ga wata sai ga 17.2 ranar 21 sbd canjin da aka yi ya karya wasu ekstenshon, wato karin manhajojin da ake dorawa kan detabes, irin su TimescaleDB. Dan haka Dan Kurna ka duba ko akwai wani ekstenshon a naka da ba na gida ba.

Ƴar Samaru:
Haka ne. Kuma in kana da saba ta biyu mai kwafar ta farko ita ake fara yi wa, in ta tashi lafiya tana bi sai a zo kan uwar. Ka kuma faɗa wa oga cewa layin 14 ɗin ma gaba ɗaya tallafinsa Nuwamba 2026 zai ƙare, shekara biyar suke ba kowace babbar siga, gara ya saba da ƙaramin tun yanzu kafin babban ya zo.

Malam Na Tsohuwar Kasuwa:
Duk kun yi magana ba wanda ya tambaye shi bakap, kwafin bayanan da ake ajiyewa don ɓacin rana. Ɗana kana da shi? Ba wai ko ana yi ba, ka taɓa ɗaukar sa ka zuba a wata kwamfuta ka ga ya buɗe?

Ɗan Kurna:
Ana yi kullum ƙarfe biyun dare Malam, ina ganin fayilolin a folda. Amma ban taɓa gwadawa ba. Bari in gwada yau.

Ɗan Kurna:
Jama'a na dawo, kwana tara kenan. Malam Allah ya saka da alheri, tambayarka ce ta cece ni. Fayilolin bakap ɗin suna nan reras da kwanan wata amma da na duba girmansu na wata bakwai da suka wuce duk sifili ne, ashe ranar da na canza kalmar sirri ta detabes bayan tafiyar wancan ban canza ta a cikin ɗan rubutun da ke yin bakap ɗin ba, yana ƙirƙirar fayil ya bar shi wayam, wato da hannuna na kashe shi ban sani ba. Wannan na nuna wa oga kafin komai, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce to yaushe za a yi facin.

Na gyara bakap, na zuba shi a wata tsohuwar kwamfuta na yi afdet ɗin a can tukuna, na sa akawu ya shiga ya buga rahotanninsa ya ce daidai suke. Karatun takardun sigogin ne ya fi cin lokaci, yamma biyu na yi a kai ina rubuta duk inda suka ce a sake gina wani abu. Daren Juma'a bayan an rufe shaguna na sa aka tada janareta kamar yadda Na Maraɗi ya ce, tsayuwar kanta ƙasa da minti uku, pg_amcheck bai kama komai ba amma duk da haka na yi REINDEX ɗin Anti don zuciyata ta kwanta, ya ɗauki minti ashirin da wani abu. Asabar da safe ba wanda ya ma lura an yi wani abu sai wani a shagon Sabon Gari da ya ce wai yau kwamfuta ta fi sauri, ni dai ban ce masa komai ba.

Yanzu saura ɗaya, sabar tana kan Ubuntu 18.04 ne ita ma. Anti in zan ƙaura pg_dump ɗin zan bi ko?

Ƴar Samaru:
Shi za ka bi, in ka loda a sabuwar indeks ɗin duk sabo ake ginawa da sabon jeri. Nawa ne girman detabes ɗin tukuna?